Wai Shin Akwatin Wi-Fi Yana Cutar 'Yan Makaranta?

Ran 21 ga watan Mayu na shekarar 2007, gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a filinsa na Panorama wanda ya hana iyaye da yawa barci a ƙasar Ingila. Ma'aikatan shirin sun ɗauki na'urar awo suka shiga wata makaranta a garin Norwich, suka auna abin da ke fitowa daga kwamfutar da yara ke karatu da ita, wadda ke haɗe da intanet ba tare da waya ba, watau abin nan da ake kira Wi-Fi. Sa'an nan suka shaida wa jama'a cewa ƙarfin tururin da suka samu a cikin aji ya ninka na turken wayar salula har sau uku. Ba su tsaya nan ba, sai da suka kawo Sir William Stewart, wanda a lokacin shi ne shugaban Hukumar Kare Lafiyar Jama'a ta ƙasar, kuma tsohon babban mai ba gwamnati shawara kan kimiyya, ya ce shi a ganinsa ya kamata a sake duba al'amarin.

To, mai karatu ya san abin da zai biyo baya. A wannan lokaci kusan rabin makarantun firamare na ƙasar sun riga sun sa Wi-Fi, na sakandare kuwa wajen kashi 70 cikin 100. Iyaye suka yi ta zuwa ofisoshin shugabannin makarantu, wata ƙungiyar malamai ta nemi gwamnati ta binciki abin, wasu makarantu kuma ba su jira kowa ba, suka cire akwatunan suka koma ga waya. Daga Ingila maganar ta ƙetara zuwa Kanada da Faransa da sauran wurare, kuma har gobe ba ta mutu ba. Duk sa'ad da aka ga kamar ta kwanta, sai wani ya tono ta ya aika wa mutane ta wayar hannu, ita kuwa wayar hannun, kamar yadda za a gani nan gaba, ta fi akwatin da ake tsoro ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kafin a ce komai, bai kamata kowa ya yi wa iyayen nan dariya ba. Suna da dalilinsu. A shekarar 1990, lokacin da ciwon haukan shanu ya ɓarke a Ingila, Ministan Aikin Gona John Gummer ya tsaya gaban 'yan jarida yana miƙa wa ƙaramar 'yarsa naman sa don ya nuna wa duniya cewa babu abin tsoro. Shekara shida bayan haka, cikin watan Maris na 1996, gwamnatin nan dai ta fito ta amsa cewa ga alama cutar tana kama mutane ta hanyar cin naman. Mutane sun mutu. Haka nan an daɗe ana gaya wa jama'a taba ba ta da laifi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma uban da ya ji jami'in gwamnati ya ce masa "kwantar da hankalinka" yana da ikon ya tambaya, da wace hujja? Saboda haka abin da ya dace da su shi ne a kawo musu hujjar, a shimfiɗa ta a fili. Hujjar kuwa akwai ta, kuma ta nuna cewa akwatin Wi-Fi da ke manne a bangon aji ba ya cutar yaro.

Da farko sai a san ko mene ne shi. Wi-Fi rediyo ne, ba wani abu ba. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango, a kan mita 49 ko mita 31 ko mita 16, ya riga ya san asalin abin. Waɗannan lambobi tsawon igiyar saƙon ne da ke tafe cikin iska. Shi Wi-Fi zangonsa ya fi haka gajarta ƙwarai, wajen santimita 12 ne, wani ma santimita 6. Irin wannan igiya ta daɗe tana ratsa gidajen mutane da jikunansu tun kafin a haifi kakannin yaran da ake magana a kansu, gama tun cikin shekarun 1920 tashoshin rediyo ke watsa shirye-shirye a Turai da Amurka.

Inda rikicin ya samo asali shi ne, a bakin Turawa kalma guda ce ake kiran igiyar rediyo da ita, da hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, da kuma gubar da bam ɗin nukiliya ya bari a Hiroshima. Uwa ta ji an ambaci wannan kalma tare da sunan makarantar ɗanta, ai dole gabanta ya faɗi. Alhali kuwa abubuwan nan ba ɗaya ba ne. Hasken hoton asibiti yana da kaifin da zai iya tsinka ƙwayoyin halitta a cikin jiki, shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto yake laɓewa bayan bango. Igiyar rediyo ba ta da wannan kaifi ko kusa. Hasken ƙwan lantarkin da ke rataye a cikin ajin ma ya fi ta kaifi sau dubbai. Abin da aka tabbatar tana iya yi wa jiki shi ne ɗumamawa, in ta yi ƙarfi sosai, kuma a kan haka ne aka gina iyakokin da ƙasashe ke bi.

Masu tsoro kan ce ai zangon Wi-Fi ɗaya ne da na tandun nan na lantarki da ake ɗumama abinci a ciki. Gaskiya ne. Amma tandun yana aiki da ƙarfin wat 700 ko fiye, a kulle cikin akwatin ƙarfe, shi kuwa Wi-Fi a wannan zango dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba, kuma ba a wuri guda yake tara shi ba, watsa shi yake yi ko'ina cikin ɗaki. Gobarar daji da tsinken ashana duk wuta ce, amma ba a tashin gari saboda an ƙyasta ashana. Daɗin daɗawa, ƙarfin yana raguwa da sauri in aka matsa: wanda ya ninka nisansa da akwatin sau biyu, abin da zai same shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya ninka sau goma kuwa sai kashi ɗaya cikin ɗari.

Nan ne kuma wayon shirin Panorama ya fito. Awon kwamfutar an yi shi ne daf da ita, kamar taku guda, na turken salula kuwa daga wajen mita 100. Wannan kamar a ce mutum ya kai hannu kusa da fitilar ƙwai, sa'an nan ya hangi wutar maƙera daga bayan gari, ya dawo yana rantsuwa cewa fitila ta fi maƙera zafi. Har ila yau, awon nan da aka tayar da hankalin duniya da shi, ya gaza iyakar da gwamnati ta sa har sau 600. Shi kuma wanda ya riƙe na'urar awon, mutum ne da ya daɗe yana fafutukar yaƙi da turakun waya, kuma ana sayar da kayan kariya daga wannan tururi a kamfanin da ke da alaƙa da shi. Mai maganin aljanu ba shi ne za a aika ya duba ko akwai aljanu a gida ba. Cikin watan Nuwamba na shekarar, sashen sauraron koke-koke na BBC da kansa ya yanke cewa shirin ya ba jama'a hoton da ba daidai ba game da inda ra'ayin masana ya karkata. Sai dai miliyoyi ne suka kalli shirin, waɗanda suka ji labarin hukuncin kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Abu ɗaya mai kyau da hayaniyar ta haifar shi ne, Hukumar Kare Lafiyar Jama'a ta ɗauki maganar shugabanta, ta sa masananta suka shiga makarantu da kayan awo. Sakamakon ya fito a 2011. Sun tarar da cewa abin da ke isa jikin yaro ɗan mitsitsi ne in aka gwada da iyakar da aka sa. Sun kuma gano wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, watau kwamfutar yaro ba kullum take aika saƙo ba. Karɓa ta fi yi. A cikin darasi guda, lokacin da take aikawa bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Tun kafin wannan ma hukumar ta yi wani kwatanci mai sauƙin riƙewa: yaron da ya shekara yana zama a ajin da ke da Wi-Fi, abin da jikinsa ya sha bai fi na wanda ya kara wayar salula a kunne ya yi hirar minti 20 ba.

Yanzu sai a zo ga babbar hujjar masu tsoro, domin suna da ita, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Ran 31 ga Mayu, 2011, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta tara masana 31 daga ƙasashe 14, suka sanya igiyoyin rediyo a rukunin da suke kira 2B, ma'ana abin da mai yiwuwa ne ya jawo ciwon daji. Duk takardar da aka rubuta ana neman a cire Wi-Fi daga makaranta tun daga ranar, da wannan take farawa.

Amma me rukunin yake nufi? Cibiyar ba ta auna yawan haɗari, ƙarfin shaida take aunawa. Rukuni na 1 shi ne inda shaida ta tabbata, kamar taba da giya da zafin hasken rana mai ƙona fata. Shi 2B wurin ajiye abin da aka ga 'yar alama ne amma ba a iya kawar da cewa kuskure ne ko dace ba. A cikinsa akwai ruwan ganyen alobera, akwai kayan lambun da mutanen Asiya ke jiƙawa su yi tsami. Alamar da aka gani kuwa ba a kan Wi-Fi ba ce sam. A kan masu yawan kara waya a kunne ce, kamar rabin sa'a kullum har shekara goma, kuma an samo ta ne ta hanyar tambayar masu ciwon daji na ƙwaƙwalwa su tuna yawan wayar da suka yi shekarun baya. Kowa ya san halin ɗan Adam: wanda ciwo ya kama a gefen dama na kai, in aka tambaye shi, zai fi tuna cewa a dama yake riƙe waya.

Shekaru sun shuɗe tun daga nan, kuma lokaci shi ne babban alƙali a irin wannan shari'a. Wayar salula ta tashi daga hannun attajirai ta shiga hannun kusan kowa a duniya. Da tana haddasa ciwon daji na ƙwaƙwalwa, da littattafan asibitocin ƙasashen da ke ƙidaya masu ciwon da kyau, irin su Denmark da Sweden da Ostireliya, sun nuna hauhawa mai yawa, kamar yadda ciwon huhu ya hau bayan yaɗuwar taba. Ba su nuna ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 14 kan yara da matasa 'yan shekara 10 zuwa 24 bai sami alaƙa tsakanin waya da ciwon ba. A watan Satumba na 2024 kuma aka buga nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63 na tsakanin 1994 da 2022, shi ma bai sami alaƙa ba, har ga waɗanda suka fi shekara goma suna amfani da waya. Akwai dai gwajin ɓeraye da aka yi a Amurka aka bayyana a 2018, inda wasu mazan ɓeraye suka sami ƙari a zuciya, amma an yi ta gasa duk jikinsu ne sa'a tara kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya zarce abin da mutum ke samu, kuma abin mamaki, waɗanda aka gasa ɗin sun fi waɗanda aka ƙyale tsawon rai. Idan wayar da ke manne da kunne ba a kama ta da laifi ba, ina dalilin tuhumar akwatin da ke can saman bango?

Saura magana guda, kuma ita ce mafi nauyi. Akwai yara da malamai da suka ce tun da aka sa Wi-Fi suke fama da ciwon kai, da jiri, da kasala, da rashin barci. Waɗannan mutane ba ƙarya suke yi ba. Ciwon da suke ji na gaske ne, wasu har sun bar aiki saboda shi. Abin tambaya shi ne, me ya kawo shi? Masana sun gwada wannan sau da yawa ta hanya mai sauƙi: a zaunar da mai kukan a ɗaki, wani lokaci a kunna na'ura, wani lokaci a kashe, ba tare da shi ko mai kula da shi sun san wanne ne wanne ba. Da aka tattara irin wannan gwaji guda 46 a shekarar 2010, wanda ya ƙunshi mutum fiye da dubu, sai aka ga ba sa iya bambancewa, kuma ciwon yana zuwa ne sa'ad da suka zaci an kunna, ko da kuwa a kashe take.

Gwajin da ya fi dacewa da wannan labari an yi shi ne a Landan, aka buga a 2013. An tara mutum 147. Rabinsu aka nuna musu wani yanki na shirin nan na Panorama, sauran rabin aka nuna musu wani shiri dabam wanda bai shafi lafiya ba. Daga nan aka ɗaura wa kowa eriya a kai, aka ce masa za a sakar masa Wi-Fi na minti 15. Ba a saki komai ba, na'urar ta bogi ce. Duk da haka mutum 82, watau fiye da rabi, suka ce sun ji alamun ciwo, biyu ma suka tashi kafin lokaci ya cika don sun kasa jurewa. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu saurin damuwa da suka kalli shirin tsoratarwar. Jama'a, a duba wannan da kyau. Shirin da aka yi don a kare yara daga ciwo, an auna an ga yana daga cikin abin da ke sa mutane ciwon. Yaro ɗan shekara tara da aka gaya masa a gida cewa akwatin ajinsu yana dafa masa ƙwaƙwalwa, ranar da kansa ya sara saboda yunwa ko zafi ko rashin tabarau, ya riga ya san wanda zai ɗora wa laifi, ainihin dalilin kuwa babu mai nemansa.

Wannan shi ne abin da masu cewa "ai rigakafi ya fi magani, a cire kawai" ba sa sawa a lissafi. Rigakafin ma yana da kuɗinsa. Jami'ar Lakehead ta Kanada ta hana Wi-Fi a yawancin harabarta a 2006, ɗalibai suka sha wahala shekara huɗu, aka janye hanin a 2010. Faransa ta bi wata hanya a dokar da ta kafa a farkon 2015: ta hana Wi-Fi a ɗakunan renon yara 'yan ƙasa da shekara uku, ta kuma ce a makarantun firamare a riƙa kashe shi in ba ana darasi da shi ba. A gaskiya dokar ba ta hana kowa komai ba, gama jinjiri ba ya bukatar intanet, kashe na'urar da ba a aiki da ita kuwa ko don lantarki ya kamata. Illarta ɗaya ce, ta sa uwa ta ce da babu haɗari da ba a yi doka ba. Sa'an nan makarantar da ta cire Wi-Fi ta bar yara suna shiga intanet ta layin salula, ta ƙara musu abin da take gudu ne, domin waya tana ɗaga murya gwargwadon nisan wanda take kira, kuma turken da ke bayan gari ya fi akwatin da ke bango nisa.

Ƙasar nan ma ta ɗanɗana irin wannan guguwa. A watan Afrilu na 2020, sa'ad da ake ƙona turakun waya a Ingila bisa jita-jitar cewa 5G ce ta kawo cutar korona, maganar ta cika wayoyin mutane daga Legas har Maiduguri, sai da Ministan Sadarwa na lokacin, Dokta Isa Ali Pantami, ya fito ya bayyana cewa ba a ma ba kowa lasisin 5G ba tukuna. Sai a 2022 aka fara aiki da ita. Ke nan an yi ta jin ciwon abin da bai iso ba. Tun da yake kuwa jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma makarantu na ta sa intanet don kada ɗalibansu su je ɗakin jarrabawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ba makawa wata rana takardar tsoratarwar nan za ta iso taron iyaye da malamai a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fagge. Yaron da za a cire wa intanet a ranar, ɗan talaka ne, domin ɗan mai hali yana da shi a gida.

Idan ranar ta zo, shugaban makaranta kada ya kore iyaye da cewa ba su waye ba, kada kuma ya cire akwatin don a zauna lafiya. Ya zaunar da su ya karanta musu alƙaluman nan. Ya ɗaga akwatin can sama kusa da rufi, inda dama ya fi aiki da kyau. Yaron da ke kukan ciwon kai a kai shi asibiti a duba idonsa da jininsa, a tambaya ko ya karya kumallo. Abin da yara ke kallo a intanet, da yawan lokacin da suke ɓatawa a kai, wannan magana ce dabam mai bukatar sa ido, kuma saboda ita ne Faransa ta hana wa 'yan firamare da ƙananan sakandare amfani da wayar hannu a makaranta a 2018.

Sa'an nan, tun da an taru, sai shugaban ya zaga da iyayen bayan ɗakin kwamfuta su ga inda aka ajiye janareta. Ita cibiyar nan ta Lyon da ake kafa hujja da ita, a watan Yuni na 2012 ta sanya hayaƙin man dizal a rukuni na 1, tare da taba, domin ta tabbata yana jawo ciwon daji na huhu. Hayaƙin janareta kuma, na fetur ko na dizal, yana ɗauke da iskar nan maras wari da ke sa ciwon kai da jiri, wadda ta sha kashe iyali guda cikin dare a garuruwan ƙasar nan. A makarantu da yawa injin yana nan gindin taga, bututunsa na fuskantar aji, yara arba'in ko hamsin suna shaƙa tun safe har a tashi. Matsar da shi taku ashirin da juya bakin bututun ba zai ci fiye da kuɗin 'yar doguwar waya da ladan mai gyaran lantarki ba.